Kafofin Sada Zumunta da Sauran Hanyoyin Talla: Rabon Aiki a Kasuwancin Anka, Gummi da Bukkuyum

Gabatarwa

Talla ya ƙunshi duk wata hanya da mai haja yake bi domin mai saye ya san da kayansa, ya aminta da su, ya biya, ya kuma dawo wata rana. A ƙasar Hausa wannan aiki ya daɗe a hannun 'yar talla da dillali da sanƙira da maroƙi, kafin rediyo ya shigo, kafin wayar hannu ta biyo baya. A 'yan shekarun nan Facebook da WhatsApp da TikTok sun shiga sahu da ƙarfinsu, har wasu matasan 'yan kasuwa suka ɗauka cewa wanda ya buɗe shafi ya gama talla. Wannan maƙala ta dubi matsayin waɗannan kafofi a ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara, wato Anka da Gummi da Bukkuyum. Matsayarta ita ce, a irin wannan yanki kafofin sada zumunta suna da ƙarfi wajen kai labari da riƙe tsohon abokin ciniki, amma amana da isar da kaya a wasu wurare ake samar da su. Saboda haka daidaita talla yana nufin a ba kowace hanya aikin da ta fi iyawa, a kuma tabbatar cewa hanyoyin ba su rataya ga abu guda da zai iya yankewa rana ɗaya ba.

Yanayin kasuwar yankin

An ƙirƙiri Jihar Zamfara daga tsohuwar Jihar Sakkwato a ranar 1 ga Oktoba, 1996. Ƙananan hukumomin nan uku suna cikin mazaɓar Sanatan Zamfara ta Yamma, kuma ƙidayar 2006 ta ba Anka mutum kimanin dubu 142, Gummi dubu 204, Bukkuyum dubu 211. Yawan ya ƙaru sosai tun daga lokacin. Mafi yawan jama'ar suna zaune ne a garuruwa da ƙauyuka irin su Bagega da Wuya da Waramu a Anka, Nasarawar Burkullu da Gwashi da Adabka a Bukkuyum, Ɗaki Takwas da Gayari a Gummi. Babbar hanyar da ta taso daga Mayanci ta ratsa Anka da Ɗaki Takwas zuwa Gummi ita ce jijiyar fatauci, kuma yankin yana maƙwabtaka da jihohin Kebbi da Sakkwato, don haka cinikinsa bai tsaya ga Gusau kaɗai ba.

Noma shi ne tushen arziki: gero da dawa da masara da wake a tudu, shinkafa da albasa da dankali a fadamun Gulbin Zamfara, sai kiwo da su da haƙar zinariya. Wannan yana nufin kuɗi na shigowa ne lokaci-lokaci. Da kaka aljihu yakan yi nauyi, da bazara hankali yakan koma kan iri da taki, a tsakiyar damina kuma ciniki yakan ja baya. Rahoton Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2019 ya sa kusan kashi 74 cikin 100 na mutanen Zamfara a ƙarƙashin ma'aunin talauci. Mai sayen da ke cikin wannan hali ba ya jefa kuɗinsa a kan abin da bai gani ba, domin asarar buhun taki guda tana iya zama asarar damina guda.

A kan wannan kuma ga matsalar tsaro. Hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a farkon Janairun 2022, sun tarwatsa ƙauyuka, sun cika garin Anka da 'yan gudun hijira, sun sa tafiya kasuwa ta zama abin da ake shiga da addu'a. Duk tsarin tallan da bai yi lissafin wannan ba, an rubuta shi ne domin wata ƙasa.

Abin da masana suka shimfiɗa

Tun a 1960 masanin kasuwanci E. Jerome McCarthy ya kasa aikin sayarwa gida huɗu: haja da farashi da wurin samu da talla. Kafofin sada zumunta reshe ne guda a cikin gida na huɗun, kuma ba sa gyara lalataccen kaya ko farashin da ya fi ƙarfin mai saye. A farkon shekarun 1990 Don Schultz da abokan aikinsa a Amurka suka yaɗa ra'ayin cewa duk hanyoyin da kamfani ke magana da jama'a ya kamata su tafi da murya ɗaya, kowace tana cike giɓin 'yar'uwarta. A Ingila kuma Les Binet da Peter Field sun nuna a 2013 cewa kamfanonin da suka fi cin riba sukan kashe kusan kashi 60 na kuɗin talla wajen gina suna, kashi 40 wajen jawo ciniki na nan take. Wannan rabo an ciro shi daga manyan kamfanonin Turai, bai kamata a kwafo shi zuwa kantin Gummi ba, amma tushen maganar ya tsaya: gina suna daban, kiran mai saye yau daban.

Abin da ya fi dacewa da yammacin Zamfara shi ne binciken Elihu Katz da Paul Lazarsfeld na 1955, wanda ya nuna cewa saƙo yakan bi hawa biyu: daga kafar yaɗa labarai zuwa wasu mutane da ake jin maganarsu, daga su zuwa sauran jama'a. A ƙauyen da babbar waya take hannun mutane ƙalilan, malamin makaranta da mai cajin waya da ɗan acaɓa su ne hawan farko. Daga maƙwabciya Nijar kuma, Jenny Aker ta wallafa a 2010 cewa shigowar wayar hannu tsakanin 2001 da 2006 ta rage tazarar farashin hatsi tsakanin kasuwanni da kashi 10 zuwa 16 cikin 100. Wayoyin da suka yi wannan aiki na kira ne kawai, ba su da intanet.

Hanyoyin da aka gada

Kasuwar mako ita ce babbar kafar talla a karkara, domin a nan ne labari da gani da ciniki suke haɗuwa a wuri guda. Manomin da ya zo sayen iri yakan damƙi tsabar ya murza a tafin hannu, ya ciza, ya tambayi na kusa da shi ko ya taɓa shuka irinta. Mai sayen yadi yakan ja bakin atamfa ya ga ko za ta zuba. Daga nan sai tayi da "albarka" har a kai ga "na sallama", a kuma roƙi gyara. 'Yan kasuwa sukan ce gani ya kori ji, kuma babu hoton da ya isa ya maye gurbin wannan murzawa da cizawa. Rumfar da mutum ya shekara goma yana zama a cikinta shaida ce cewa idan kaya suka ɓaci akwai inda za a same shi mako mai zuwa.

Dillali shi ne ginshiƙi na biyu. Abner Cohen, a bincikensa na 1969 kan Hausawan Sabo a Ibadan, ya bayyana yadda cinikin shanu da goro na nesa ya tsaya a kan maigida da dillalinsa, waɗanda ke lamunce wa baƙon da ba a sani ba. La'adar da ake ba dillali kuɗin amana ce, domin sunansa ya jingina. Haka abin yake har yau a karar dabbobi da layin 'yan hatsi. A cikin gidaje kuma akwai kasuwar da ba ta da rumfa. Polly Hill, wadda ta yi nazari a Batagarawa ta ƙasar Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta nuna girman cinikin da matan kulle ke yi daga ɗakunansu ta hannun yara. Dillaliya mai shiga gida-gida da ƙunshin zannuwa da kwanuka, da taron biki da suna da zubin adashi, duk wuraren talla ne da namiji ɗan kasuwa ba ya iya kaiwa da kansa. Tallan yara mata kuwa yana da illar da kowa ya sani ga karatunsu da tsaronsu, kuma duk hanyar da za ta rage buƙatarsa ba tare da ta kashe sana'ar uwa ba abar maraba ce.

Sanƙira da mai shela suna da abin da babu shafin da ke da shi, wato izinin hakimi ko dagaci a bayan muryarsu. Magajinsu na zamani shi ne lasifikar da ake ɗaurawa a kan babur ko mota ranar kasuwa, wadda masu maganin gargajiya suka fi kowa ƙwarewa a kanta.

Rediyo kuma mutanen Gummi sun fi kowa sanin tasirinsa. Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan asalin garin, ya zama sananne a duk Arewa ne ta hanyar tafsirin da yake gabatarwa a Masallacin Sultan Bello, wanda Rediyon Najeriya na Kaduna yake watsawa, kaset kuma ya ƙara yaɗawa. Karatun ba talla ba ne, amma ya nuna yadda zama ido da ido da rediyo da naɗaɗɗiyar murya suke ƙarfafa juna. A yau Rediyon Zamfara da Pride FM a Gusau da Rima Rediyo a Sakkwato suna karɓar tallace-tallace. Rediyo ba ya neman data, ba ya neman iya karatu, yana shiga gona da cikin gida. Rauninsa shi ne tsada ga ƙaramin ɗan kasuwa, da kuma cewa saƙon yakan wuce ba a maimaita shi sai an sake biya.

Abin da babbar waya ta kawo

Kafofin sada zumunta ba abu ɗaya ba ne, kuma kuskure ne a yi musu kuɗin goro. Facebook, wanda ya ƙara Hausa cikin harsunansa a 2016, dandali ne na fili: baƙo yana iya ganin abin da aka wallafa. Sai dai manhajar ce ke zaɓar wanda za ta nuna wa, kuma ba duk masu bibiyar shafi ke ganin saƙo ba sai an biya. TikTok ya fi kowa jan hankalin matasa, bidiyo guda yana iya kaiwa Kano da Legas da Yamai cikin kwana ɗaya, amma yawancin masu kallon ba za su taɓa taka kantin da ke Anka ba. Ga mai sayar da abin da ake iya aikawa nesa wannan riba ce, ga mai sayar da siminti kuwa yawan kallo ne da ba ya zama kuɗi.

WhatsApp ne ya fi kama da yadda ake ciniki a yankin, kuma dalilin yana cikin ƙirarsa. Hoton da aka ɗora a sitatus yana ɗaukar awa 24, kuma waɗanda suka ajiye lambar juna ne kaɗai ke ganinsa. Saƙon da aka tura wa jerin mutane lokaci guda ba ya isa sai ga wanda ya ajiye lambar mai turawa. Wato manhajar tana aiki ne a cikin da'irar waɗanda aka riga aka sani. Saƙon murya, wanda aka ƙara a 2013, ya buɗe ƙofa ga wanda ba ya karatun boko, manhajar 'yan kasuwa ta WhatsApp Business kuma ta fito a 2018. Dilan taki yakan ɗauki muryarsa ya ce, "Alhaji, barka da rana, kaya sun iso, in kana so in aje maka buhu nawa?" Wannan jimla ta fi tsararren hoto aiki, domin Alhajin ya san muryar, ya san shagon, ya san mahaifin mai maganar. Muryar da ta fito da karin harshen Zamfara ma takan fi shiga kunnen manomi fiye da wadda aka naɗo da Hausar birni.

Shagon cajin waya wuri ne da ya cancanci a tsaya a dube shi. Allo ne cike da soket, wayoyi jere da lamba a manne a bayan kowace, ƙaramin janareta ko faifan sola a waje, benci kuma cike da matasa masu jira. A nan ake tura waƙoƙi da fina-finai da wa'azi zuwa katin waya, a nan ake nuna wa juna bidiyon da ya fito, sau da yawa a nan mai POS yake kafa teburinsa. Bidiyon da mutum ɗaya ya sauke da datarsa yakan ratsa wayoyi da dama ba tare da intanet ba. Ɗan kasuwar da ya fahimci wannan yakan kai tallansa shagon da hannu, ya manna takarda mai lambar waya a jikin allon.

Iyakokin kafofin a bayyane suke. Babbar waya ta fi yawa a hannun samari da ma'aikata da 'yan kasuwar cikin gari, alhali mai yanke shawarar sayen taki ko gyaran rufin gida yawanci magidanci ne mai ƙaramar waya. Mata da yawa da wayar miji ko ta ɗa suke amfani. Sabis yakan yi rauni da zarar an bar bakin titi. A Janairun 2025 Hukumar Sadarwa ta Ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kuɗin kira da data har zuwa kashi 50 cikin 100, abin da ya sa mai ƙaramin ƙarfi yake tunani kafin ya buɗe bidiyo. Ga kuma damfara: alat na bogi, da hoton kaya masu kyau a aiko da marasa kyau. Kowace damfara guda takan rage amanar da ake ba duk masu sayarwa ta waya, har da na kirki.

Darasin shekarar 2021 da ta 2023

A ranar 3 ga Satumba, 2021, NCC ta umarci kamfanonin waya su rufe sadarwa a duk faɗin Zamfara, bisa buƙatar gwamnatin Bello Matawalle, domin yaƙi da 'yan bindiga. An ce mako biyu ne da farko. Gusau ta samu sabis a farkon Oktoba, sauran ƙananan hukumomin kuwa sai wajen ƙarshen Nuwamba. A daidai wannan lokaci gwamnatin jihar ta rufe kasuwannin mako, ta hana safarar dabbobi, ta taƙaita sayar da fetur. Ke nan manyan hanyoyin talla guda biyu, sabuwa da tsohuwa, sun tsaya tare, kuma a bakin kaka.

Abin da ya rage a hannun ɗan kasuwa a waɗannan watanni shi ne shagonsa na kullum, da mutanen da suka san ƙofar gidansa, da direban tasha mai kai wasiƙa da saƙon baki, da rediyo. Wanda duk abokan cinikinsa suke cikin waya, bai san garuruwansu ba, bai rubuta sunayensu a littafi ba, ya wayi gari ba shi da kowa. Kira da saƙon tes da WhatsApp da Facebook da na'urar POS suna kama da hanyoyi biyar, amma duka a kan turken sadarwa guda suke. Mai lissafin daidaito dole ya ƙirga su a matsayin hanya ɗaya ta fuskar haɗari.

Shekarar ta kawo wasu misalan daga nesa. Gwamnatin Tarayya ta dakatar da Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, sannan a ranar 4 ga Oktoba, 2021, Facebook da WhatsApp da Instagram suka ɗauke a duniya baki ɗaya na kusan awa shida. Shafi da mabiyansa mallakar kamfanin ne, ɗan kasuwa aro aka ba shi.

Ƙarancin takardun kuɗi na farkon 2023 ya juya al'amarin ta ɗaya gefen. Bayan Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace daga kasuwanni, har Zamfara ta haɗu da Kaduna da Kogi wajen kai ƙara Kotun Ƙoli, wadda ta yanke hukunci a ranar 3 ga Maris. A wannan karon wanda ya ƙi waya ne ya sha wuya, mai karɓar tiransifa ta OPay ko Moniepoint ko asusun banki kuwa ya ci gaba da sayarwa. Cikin shekara biyu yankin ya ga ranar da waya ta mutu da ranar da tsabar kuɗi ta mutu.

Bagega

Misali mafi bayyana na haɗa kafofin sada zumunta da sauran hanyoyi a wannan yanki bai fito daga kasuwa ba. A Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta gano gubar dalma a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje. Yara kimanin 400 suka rasu. An tsabtace ƙauyuka bakwai, amma Bagega, mafi girmansu, ta zauna jiran kuɗi. An yi alkawarin naira miliyan 850, amma har ƙarshen 2012 ba a sake su ba. Ƙungiyar Follow The Money ta Hamzat Lawal da abokansa ta ɗauki gangamin #SaveBagega a Twitter da Facebook, Human Rights Watch ta sa hannu, kuma a ƙarshen Janairun 2013 gwamnatin Goodluck Jonathan ta saki kuɗin.

Gangamin intanet ɗin Abuja da ƙasashen waje ya nufa, inda masu sakin kuɗin suke. Ya tsaya ne a kan rahotannin likitoci, da hotuna da muryoyin da aka je garin aka ɗauko, da jaridu da gidajen rediyo, da ziyarar Sanata Bukola Saraki, shugaban kwamitin muhalli na Majalisar Dattawa a lokacin. A cikin ƙauyukan kuwa, shawo kan magidanta su fitar da niƙan dutse daga gida, iyaye mata su kai yara gwajin jini, aiki ne da aka yi da masarauta da dagatai da limamai da ma'aikatan lafiya masu bin gida-gida. Manufa ɗaya ce, masu sauraro iri biyu, kowanne aka bi shi ta ƙofarsa. Ɗan kasuwa yana da irin waɗannan masu sauraro biyu: na nesa mai waya, da na kusa mai jiran ya ji daga bakin wanda ya yarda da shi.

Rabon aiki bisa haja da lokaci

Ma'auni na farko shi ne girman asarar da mai saye zai yi idan kayan suka gaza. Iri da taki da maganin feshi da injin ban ruwa suna sahun gaba, domin jabunsu yana cinye shekara. Dilan kayan noma a Nasarawar Burkullu ko Gummi ya kamata ya zuba mafi yawan ƙarfinsa a abin da ido ke gani: 'yar gonar gwaji a bakin hanya da allo mai sunan irin, manomi mai daraja a kowane ƙauye da aka ba shi ya gwada, rumfa a kasuwa, da sanarwar rediyo kafin saukar ruwan farko. Aikin waya a nan shi ne ta biyo baya: hoton gonar gwajin mako-mako a zauren manoma na WhatsApp, saƙon murya ranar da kaya suka iso, da amsa tambayar wanda tsutsa ta shiga masararsa. Shirin tallafin taki na Gwamnatin Tarayya da aka fara a 2012 zamanin minista Akinwumi Adesina ya bi ta saƙon tes zuwa ƙananan wayoyi, amma manomi sai ya je wurin dila da ƙafarsa ya karɓi buhu.

Ga mace mai sayar da atamfa da leshi da turaren wuta da kayan kicin daga ɗakinta, ma'aunin ya juya. Sitatus ɗin WhatsApp ya ba ta shagon da ba ta taɓa samu ba, yana nuna kayanta ga dangi da ƙawaye da 'yan ajinsu na Islamiyya ba tare da ta fita ko ta ɗora wa 'yarta tire ba. A nan waya tana iya ɗaukar kaso mafi girma. Duk da haka lambobin da ke cikin wayar a gidan biki da wajen adashi aka samo su, kuma ƙanen da zai kai kaya a babur ya dawo da kuɗi shi ne ƙafar cinikin. "Hajiya, turo yaro ya kawo in gani" ita ce jimlar da yawanci take rufe magana.

Mai tara hatsi ko albasa ko ƙwarya domin masu sari na Gusau da Sakkwato da Kano da kudu yana tsakiya. Bidiyon buhuna da kiran waya suna rage masa zirga-zirga a hanyar da ba ta da tabbas, wannan kuwa riba ce da ta wuce kuɗi. Amma cinikin farko da baƙo ba ya ƙulluwa sai da dillali ko maigidan da ya tsaya wa ɓangarorin biyu, kuma direban da aka sani a tasha shi ne shaidar cewa kaya sun tashi. A nan akwai wani hattara da littattafan talla na waje ba su san da shi ba: nuna tarin kaya ko damin kuɗi ko ranar tafiya a dandalin fili yana iya kai labari kunnen masu garkuwa da mutane. A yammacin Zamfara rufaffen zaure na waɗanda aka sani ya fi shafin da kowa ke leƙawa aminci.

Lokaci ma yana da nasa rabon. Bazara ta kayan noma ce, kaka ta babura da kwanon rufi da kayan ɗaki da na aure, azumi da gabanin salla na ɗinki da kayan masarufi. Kuɗin rediyo da na tallan Facebook a tara su a zuba a waɗannan gaɓoɓi, sauran watanni kuma a riƙe abokan ciniki da gaisuwa da ziyara da halartar sha'aninsu, waɗanda ba sa cin kuɗi sosai amma su ne ke gina suna.

Awo da doka

Kafofin sada zumunta suna ba da alƙaluma a sauƙaƙe, yawan kallo da yawan masu so, rediyo da dillali kuwa ba sa bayarwa. Wannan yakan sa a fifita abin da ake iya ƙirgawa a kan abin da ya kawo cinikin. Maganin ba shi da tsada: littafin shago mai shafi ga sunan mai saye da garinsu da lambarsa da abin da ya saya, da tambaya guda, "Malam, a ina ka ji labarinmu?" Bayan kaka ɗaya littafin zai nuna hanyar da ke kawo kuɗi, kuma shi ne abin da ke saura idan sabis ya ɗauke ko aka rufe shafi. Ana iya ƙara wata dabara, a sa lambar waya daban a tallan rediyo, a ga yawan kiran da ta samu.

Ta fuskar doka, dokar 2022 da ta kafa hukumar kula da tallace-tallace ta ARCON a madadin APCON ta faɗaɗa sa ido zuwa tallan intanet, dokar kare bayanan jama'a ta 2023 kuma ta sa sharaɗi a kan tara lambobin mutane da amfani da su, don haka jefa mutum cikin zauren talla ba da izininsa ba abu ne da ya wuce rashin ladabi kawai. Tallan magani da abinci yana ƙarƙashin NAFDAC, ko a lasifika aka yi shi ko a TikTok. Zamfara kuma jiha ce da ke aiki da shari'ar Musulunci tun daga shekarar 2000, inda hukumar Hisba da malamai da iyaye suke lura da irin hoto da kiɗa da kalaman da ake tallata kaya da su. Bidiyon da ya samu karɓuwa a wani birni yana iya zubar da mutuncin shago a Anka, musamman a tallan kayan mata, kuma hukuncin ɓoye aibin haja ko rantsuwar ƙarya a ciniki bai canza ba don an koma yin sa ta waya.